Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga hukumomin lafiya na Jihar Kebbi a kan halin da masu farfaɗiya ke ciki

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya na Jihar Kebbi, da shugabannin Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta jiha, da shugabannin hukumar inshorar lafiya ta jiha, wato KECHEMA.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah ya taya ku riƙon amanar lafiyar al'umma, ya sa ku sauke ta lafiya.

Ni malamin makaranta ne a ƙasar Argungu, magidanci, kuma kamar yawancin mutanenmu ina taɓa noman shinkafa a fadama idan rani ya yi. Sai da na ba shekara arba'in baya likita ya tabbatar mini ina da farfaɗiya. Ya danganta ta da buguwar da na yi a ka cikin wani hatsarin babur shekarun baya. Ina rubuto muku ne da yawun ire-irena, waɗanda ciwon nan ya riska da girmansu, ga iyali a wuya ga sana'a a hannu. A bencin asibiti muke haɗuwa ranar ganin likita: masunci daga wajen Yawuri, ɗan kabu-kabu daga Jega, matar aure mai goyo, dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta bar masa jijjiga. Ba mu da mai magana da yawunmu, domin ciwonmu irin wanda ake ɓoye wa maƙwabci ne. Sun san zan rubuta wannan, kuma kukan da ke cikinta namu ne duka.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne ciwon nan yana jin magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu farfaɗiya a duniya sun kai miliyan 50, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin tamu. Ta ce har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba faɗuwa idan an gano ciwon aka ba su maganin da ya dace. Ta kuma ce haɗarin mutuwa da wuri ga mai farfaɗiya yana iya ninka na sauran mutane har sau uku. A wurinmu, abin da ke raba mai lafiyar nan da mai mutuwar nan bai wuce ƙwaya ɗaya ko biyu a rana ba, da ɗan bayanin da ba zai ci rabin awa ba. Waɗannan biyun ne muke rasawa.

Bari in fara da ranar da ake shaida wa mutum. Ban ga laifin likitan da ya duba ni ba, don layin da ke bayana ya kai bakin ƙofa kuma shi kaɗai ne. Ya faɗi sunan ciwon, ya rubuta magani, ya ce in dawo bayan wata guda. Na fito da takarda a hannu da tambayoyi cike da ciki, babu wanda aikinsa ne ya amsa su. Zan ci gaba da hawa babur? Zan shiga fadama ni kaɗai in tayar da injin ban ruwa a bakin gulbi? 'Ya'yana za su gada? Magagin da ƙwayar ke sa ni a makonnin farko, alama ce ta bai karɓe ni ba in daina, ko zai wuce? A hankali na tsinci amsoshin, wata daga bakin wata ma'aikaciyar jinya mai kirki, wata daga waɗanda suka riga ni shiga ciwon. Amma da yawa daga cikinmu ba su tsinta ba sai da ɓarna ta auku.

Ranku ya daɗe, jiharmu jihar ruwa ce. Daga Argungu zuwa Bunza da Suru, daga Bagudo zuwa Yawuri da Ngaski, abincin mutane a bakin ruwa yake. Mutumin da ya fi kowa iya iyo, idan ciwon ya buge shi a cikin kwalekwale ko yana tsaye a ruwan da bai wuce gwiwa ba, iyawarsa ba ta da amfani. Masuncin da muke zama tare ya ce mana babu wanda ya taɓa ce masa kada ya fita kamun kifi shi kaɗai. Allah ne ya sa ranar da abin ya same shi ƙanensa na cikin jirgin. Matar da na ambata kuwa, tabon wuta ne daga gwiwar hannunta har yatsu, don a kan murhu ta faɗi tana tuƙa tuwo. Da an zauna da ita da mijinta an ce kada ta yi girki ba kowa a gidan, kada ta ja ruwa a rijiya ita kaɗai, ta riƙa yi wa jariri wanka a zaune a ƙasa da wani kusa, da wataƙila hannun nan yana nan lafiya.

Lamarin mata ya ma fi wannan nauyi. Maganin balfurowet, wanda aka fi sani da Epilim, yana iya yi wa ɗan tayi illa babba, shi ya sa likitoci ke kauce wa ba macen da ke shekarun haihuwa in da wani zaɓi. Kabamazefin, wato Tegretol, da fenobabiton suna rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa da ashanar da ake sawa a hannu. Sannan macen da ta ga ta samu ciki ta ajiye maganinta da kanta don tsoron cutar da yaro, ta jefa kanta da shi cikin haɗari. Waɗannan ba abubuwan da za a bar mace ta gano da jikinta ba ne. Haka kuma azumi. Kowace shekara Ramadan na ƙaratowa tambaya ɗaya ce a bakinmu: yaya za mu yi da magani? Wani mara lafiyar, likita zai iya tsara masa shan sa da sahur da buɗa-baki, wani kuma ciwonsa bai lafa ba, shari'a ta yi masa rangwame. Rashin barci ma yana tayar da ciwon, ga goman ƙarshe da tsayuwar dare. Mutum mai son ibadarsa yana buƙatar likita da malami su gaya masa gaskiya tun Sha'aban, maimakon ya yi ta gwaji da ransa.

Kuka na biyu shi ne mafi girma, wato yankewar magani. Ƙwayar farfaɗiya ba irin ta zazzaɓi ba ce da za a sha kwana uku a huta. Dole ƙarfinta ya zauna a jini dare da rana, shekara da shekaru. Kamar ban ruwan shinkafar rani ne: idan ka tsallake kwanaki, ruwan da za ka kwarara daga baya ba zai mayar da abin da ya ƙone ba. Wanda ya daina sha farat ɗaya yana iya faɗawa cikin jijjigar da ba ta tsayawa, ɗaya na bin ɗaya ba farfaɗowa, kuma wannan tana kisa. To amma me muke tararwa? Ka je ɗakin magani a ce babu, a rubuta maka ka saya a waje. Ka je kemis ka tarar kuɗin ya ɗaga daga yadda ka saya watan jiya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 darajar naira ta faɗi, magani ya zama abin da magidanci ke auna shi da kwanon masara. Na ga mai raba ƙwaya biyu don ta kai shi ƙarshen wata. Na ga mai sha yau ya tsallake gobe. Na ga wanda ya koma sayen ƙwayoyi tsirara a leda wurin mai talla ranar kasuwa, babu kwali babu lambar NAFDAC, rana ta gama dukansu. Duk wata da irin kamfanin da za ka samu, yau fara gobe ruwan ɗorawa, har mutumin da bai yi karatu ba ya rikice ya haɗa biyu ko ya bar ɗaya.

Idan ciwon ya dawo saboda haka, me dangi za su ce? Sai su ce ai ga shi nan, maganin asibiti ba ya yi, dama mun faɗa. A nan ake sayar da akuya da buhun shinkafa a shiga yawon neman magani gari-gari, kuɗin da zai sayi ƙwayar shekara ya tafi a wata ɗaya. Kuma magungunan nan ba sababbi ba ne balle a ce tsadar bincike ce. Tun 1912 ake amfani da fenobabiton wajen farfaɗiya. Shi da kabamazefin da balfurowet duk suna cikin jerin muhimman magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata a rasa su ba. Gwamnatin da ke sayen kaya da yawa lokaci guda za ta same su da arha fiye da yadda mu ke samu ɗaiɗai.

Na uku, nisa. Don a yi mini gwajin EEG, wanda ke auna motsin ƙwaƙwalwa, Sakkwato aka tura ni. Ni na Argungu abin da sauƙi. Ku dubi mutumin Yawuri, ko na Zuru da Danko-Wasagu da Sakaba, inda bayan kuɗin mota akwai fargabar hanya saboda 'yan bindiga. Mai farfaɗiya kuma ba ya tafiya shi kaɗai, sai da ɗan rakiya, kuɗi ya zama biyu, aikin yini na mutum biyu ya tsaya. Sannan akwai abin da kowa ya sani a yankin nan: da an ce wa mutum ya je Kware, inda asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yake a Jihar Sakkwato, abin da dangi da maƙwabta ke ji shi ne ya haukace. Asibitin yana da ƙwararru, kuma suna taimakon mutane, amma na san waɗanda suka ninke takardar turawar suka sa a aljihu suka koma gida don gudun wannan suna. Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba hauka ba ne, kuma yawancin masu ita ba sa buƙatar ganin babban likita kowane wata. Abin da suke buƙata shi ne wani kusa da gida wanda zai tambaye su sau nawa suka faɗi, ya duba ko maganin na damunsu, ya ba su na wata mai zuwa. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP don koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci irin wannan aiki, kuma farfaɗiya na cikin abubuwan da ya ƙunsa. Hanyar a share take.

Na huɗu ya shafi jama'a, amma gyaransa yana hannunku. A harabar makaranta ciwon ya taɓa kama ni, gaban ɗalibai. Abin da na sani shi ne na farka rigata jiƙe sharkaf, idona na zafi saboda albasar da aka matsa mini, bakina da jini, haƙorina na gaba ya gutsure. Wani bawan Allah ne ya tura mini cokali don kada in haɗiye harshe. Da kyakkyawar niyya ya yi, haka ya taso ya ga ana yi. Sauran sun ja baya sun yi da'ira, ana ce wa yara su kauce kada yawun ya taɓa su. Daga baya na ji wani ya ɗauka a waya.

Babu ɗaya cikin waɗannan da ke da tushe. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu, ko ta numfashi, ko ta cin abinci a kwano ɗaya. Mutum ba ya haɗiye harshensa. Cokali karya haƙori yake yi, ruwa ko rubutun da aka ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa huhu yake tafiya. Abin da ake buƙata kaɗan ne: a janye shi daga wuta ko ruwa ko titi, a sa masa wani abu mai laushi ƙarƙashin kai, a sassauta wuyan riga, kada a danne shi, idan jijjigar ta lafa a juya shi ya kwanta a gefensa, a zauna da shi har ya dawo. Idan ta wuce minti biyar, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, ko mai ciki ce, ko a ruwa ya faɗi, a garzaya asibiti. Yaron firamare zai iya haddace wannan. Me ya hana a ji shi a rediyo kamar yadda ake jin sanarwar rigakafin shan inna?

Maganar waya kuwa, malamanmu sun san labarin baiwar Allah mai farfaɗiya da ta zo wurin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, kamar yadda ya zo daga Ibn Abbas. Ta zaɓi haƙuri da ciwon, amma ta roƙi a yi mata addu'a kada tsiraicinta ya riƙa bayyana idan ta faɗi, kuma ya yi mata. Mutuncinta ne ya dame ta, shi ne kuma ke damun mu. Mayafi ko babbar riga da wani zai yafa wa wanda ya faɗi ya fi masa komai a lokacin. Ba kuma faɗa muke da addu'a ko ruƙiyya ba, ni kaina ba na rabuwa da azkar. Abin da muke roƙo shi ne kada a ce wa mara lafiya ya zubar da ƙwayarsa don a nuna aikin iska ne.

Wannan rashin sani yana bin mu har gida da wurin aiki. Bayan faɗuwar nan an yi ta raɗe-raɗin ko ya kamata in ci gaba da shiga aji. Ɗan kabu-kabun nan dole ya ajiye babur, kuma daidai ne ya ajiye har ciwon ya lafa likita ya amince, amma babu wanda ya tambaye shi da me zai ciyar da 'ya'yansa. Akwai matan da aka sallama da takarda, akwai 'yan matan da aka fasa aurensu, har da na ƙannensu da ba su da komai. Ni da nake jan salla a masallacin unguwa idan liman ba ya nan, na koma tsayawa a ƙarshen sahu kusa da ƙofa. Ranar da na miƙa wa ɗana makullin babur don ya riƙa kai ni makaranta, na daɗe a ɗaki ban fito ba. Ciwon damuwa yana yawan tafiya tare da farfaɗiya, kuma ga babba wanda ya saba a dogara da shi, nauyin zuciyar nan yakan fi faɗuwar ciwo. Najeriya na da dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, amma a ƙauye wa ya san da ita?

Akwai kuma masu zuwa bayanmu. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya nuna Kebbi ce kan gaba, da kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada. Zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa, da sanƙarau da ke ziyartar mu lokacin zafi, da doguwar naƙuda a gida, da hawan jinin da ba a kula da shi ba, da hawa babur ba hular kwano, duk ƙofofin farfaɗiya ne. Mun yaba da fara allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro a jihar nan a Disambar 2024. Muna so a riƙa bibiyar waɗanda suka tsira daga waɗannan cututtuka, don wasunsu sai bayan watanni ko shekaru jijjiga ke bayyana.

Ga abin da muke nema, ranku ya daɗe.

Ku sa magungunan farfaɗiya cikin waɗanda ba a yarda su yanke ba a manyan asibitocin ƙananan hukumomi 21, da aƙalla asibitin matakin farko guda a kowace mazaɓa cikin 225. A saye su daga tushe mai inganci, a daina sauya mana iri kowane wata, a riƙa ba wanda ciwonsa ya lafa na wata biyu ko uku lokaci guda don rage masa zirga-zirga. Allurar tsayar da jijjiga ta gaggawa ta kasance a kowane asibiti, tare da wanda ya iya yin ta ko da tsakar dare.

Hukumar KECHEMA ta rubuta farfaɗiya ɓaro-ɓaro cikin abin da take ɗaukar nauyi, ganin likita da magani da gwaji, a manna a bangon asibiti da Hausa da ajami yadda ba mai ce wa talaka ba ya ciki. Masu farfaɗiyar da ciwon ya raba da sana'arsu a sa su cikin marasa galihun da ake yi wa rajista da kuɗin asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa.

A horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci da ungozomomi bisa tsarin mhGAP, a haɗa su da likitan da za su iya kira a waya. A tanadi gwajin EEG mai aiki da mai karanta shi a cikin jiha, da ranar da ƙwararren likita zai riƙa zuwa Yawuri da Zuru da Argungu. Sannan, kuma wannan ba ya cin kuɗi sosai, a ware ma'aikaci guda da zai zauna da duk wanda aka shaida wa ciwon, shi da matarsa ko mijinta ko wani nasa, a yi musu bayani a tsanake, su tafi da takarda mai hotuna a hannu.

Ku nemi iyayenmu sarakunan Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, da limamai da malaman coci, su sa baki. Huɗubar Juma'a ɗaya da za ta ce yawun mai farfaɗiya ba ya cutarwa za ta kai inda motar ma'aikatarku ba ta zuwa. A yi sanarwa a rediyo da Hausa da Dakarci da Zabarmanci da Fulatanci da Kambarci. A koya wa malaman makaranta da shugabannin 'yan kabu-kabu da sarakunan ruwa taimakon farko. Litinin ta biyu a watan Fabrairu ita ce ranar farfaɗiya ta duniya, ku fara daga nan.

A buɗe rajista a kowane asibiti a san yawanmu, don wanda ba a ƙirga ba ba ya shiga kasafi. A 2022 Majalisar Lafiya ta Duniya, wadda Najeriya ke cikinta, ta amince da shirin shekara goma kan farfaɗiya da sauran cututtukan ƙwaƙwalwa, da burin ƙara yawan masu samun kulawa da rabi kafin 2031. Muna so mu ga kason Kebbi a rubuce cikin kasafin ma'aikatarku na shekara mai zuwa.

Mu ma ba za mu naɗe hannu ba. A cikinmu akwai waɗanda suka yarda su shiga rediyo da muryarsu, su zauna da sababbin marasa lafiya a ranar ganin likita, su je makarantu su nuna yadda ake kwantar da wanda ya faɗi. Ku ba mu rana da wuri mu zo mu zauna da ku, kuma ku ba mu amsar wannan wasiƙa a bainar jama'a kamar yadda muka rubuto ta.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani malamin makaranta mai fama da farfaɗiya, a madadin 'yan uwansa,
daga masarautar Argungu, Jihar Kebbi.